Loma Ɗaya a Gaban Suruki

Malam Abarshi da kansa ya shigo da akushin cikin gida, mutumin da tun ranar da ya ajiye iyali ba a taɓa ganinsa ɗauke da ƙwaryar abinci ba. Ya dire shi a gaban 'yarsa Saude, ya yaye faifan da ke rufe.

Tuwon yana nan yadda ta kwashe shi. Ko gefen malmala ba a gutsura ba, man shanun da ta kwarara a kan miyar har ya daskare.

"Ga na Bafulatanin naki," ya ce. "Duba da kyau, ko akwai abin da kika zuba wanda bai dace da bakin masu shanu ba."



Ranar gayyar girbin dawar Malam ce. Maza fiye da ashirin na garin Gayam suka wuni a gonarsa, Saude kuwa tun asuba take bakin murhu, don ita ce mai tukunyar gidan tun da mijinta ya rasu damina biyu da suka wuce ta dawo gaban iyayenta. Kuma kowa ya san hannunta. In ta ɗora miyar taushe da kaka, sai ka ga matan maƙwabta suna ta shigowa ɗibar wuta, alhali murhunsu na ci.

Manema sun yi ta zuwa suna komawa har suka rage biyu. Akwai Labaran, heluman leburori a wurin Turawan da ke haƙar zinariya, mai keke da zaƙin baki. Akwai kuma Hammadu, wanda rugarsu ke bakin daji. Shi ba keke, ba baki, amma shi zuciyar Saude ta ɗauka ta ƙi saukewa.

"Baba..."

"Ban gama ba. Aiki dai ya yi, ba zan ci haƙƙinsa ba, tun hantsi yake sarar kara kamar shi ya shuka. To, da aka zauna ci, ni da hannuna na tura masa akushin nan a gaban jama'a. Ya sunkuyar da kai, wai ya ƙoshi. Ya ƙoshi da me, da iska? Na sake ce masa bismilla, sai ya tashi ya koma gindin ɗorawa ya ba mu baya. Labaran da bai iso ba sai da ya ji ƙamshi, malmala uku ya tashi da su, ya suɗe hannu, ya sa wa gidan nan albarka."

"Baba, filako ne," ta ce. "Wallahi ba raini ba ne. Su a wurinsu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Girmanka ne ya hana shi."

"Ke za ki koya mini Fulani? Da su na tashi. Na san filako, na kuma san irin kallon da suke yi wa tuwon Kaɗo. Yau ya ƙi tuwona, gobe ya ƙi gaisuwata, jibi 'ya'yanki su shigo gidan nan suna toshe hanci."

Saude ta rarrafa ta kama gefen rigarsa, hawaye na zuba.

"Don Allah Baba ka yi haƙuri. Ka kira shi ka tambaye shi."

Ya janye rigarsa a hankali. Wannan ya fi ba ta tsoro fiye da a ce ya fizge.

"Ke bazawara ce, ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, addini bai ba ni wannan ba. Amma ba zan ba da ke ga wanda ya fi ƙarfin cin tuwona ba. Jibi Juma'a, bayan azahar, ki yi tuwon sabuwar dawa da miya irin wannan. Ya zo da babbansa, Labaran ma ya zo ya zama shaida. Akushi ɗaya za mu sa hannu. In ya kai loma ɗaya bakinsa a gabana, na ba shi ke. In ya ƙi, kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan."

Ya juya ya fita.

Inna Mairama, mahaifiyarta, wadda ta yi tsit a bakin ɗaki kamar ba ta nan, ta matso ta mayar da faifan a kan akushin.

"Kuka ba zai buɗe masa baki ba, Auta. Ni in za ki bi ta tawa, ki bar wa Allah Ɗan Fulanin nan. Me Labaran ya rasa? Ɗan gari ne, mun san uwarsa mun san ubansa."

"Inna, Labaran ba ni yake so ba, tukunyata yake so."

"To, mu ma ai da tukunyar aka fara son mu, ga shi har yau muna zaune."

"Ni dai ba na son sa."

Inna ta yi ajiyar zuciya, ta zauna a kan turmin da ke kife.

"Ni ba ma tuwon ne ya dame ni ba. Kin dai san Turawa sun zo da igiyar awonsu sun shata dajin, malamin daji ya ba rugage wa'adi su tashi da an gama girbi. In sun tashi, ina za su kai mini ke? Mai kawo mana nono ta ce har sun sa rana."

Saude ta ɗago kai da sauri.

"Wace rana?"

"Au, bai gaya miki ba? Ran Asabar ɗin nan za su ɗaura kaya."

* * *

Washegari da hantsi ta ɗauki ƙwarya ta nufi garkar gidansu da ke bakin rafi, wai za ta tsinko yakuwa. Yakuwar kam akwai ta, amma kowa ya san a daidai wurin shanun su Hammadu suke shan ruwa.

Ba ta daɗe ba sai ga shi, sanda a kafaɗa. Da ya gan ta ya tsaya can nesa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Sannu da aiki, Saude."

Ta ci gaba da tsinkar yakuwa har tana haɗawa da ƙaya.

"Na ji saƙon Baba," ya ce. "Tun jiya ya aika ruga."

"Ka ji saƙon Baba. Ni kuma sai a bakin mai nono zan ji cewa Asabar za ku tashi?"

"Na so in gaya miki ranar da aka ba ni ke, don kada ki ɗauki kaya biyu a kai ɗaya."

"To ga shi na ɗauka." Ta dire ƙwaryar. "Hammadu, loma ɗaya ce fa. Ɗaya tak. Ba a ce ka sha giya ba, ba a ce ka ci mushe ba. Tuwon da na tuƙa da hannuna ne. Ka rufe ido ka haɗiye, kunyar rana ɗaya ce."

Ya daɗe yana tona ƙasa da bakin sandarsa.

"Da kunyar ce kaɗai, da na sha ta. Jiya da na ga tuwon nan, wallahi cikina har kuka yake. Tun safe ban sa komai a baki ba. Amma akwai Baffa Bakoji."

Saude ta san sunan. Ƙanen mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ne kuma kaɗai zai iya shiga gaba ya nema masa aure.

"Me Baffa ya ce?"

"Ya ce zai zo, don ba a ƙin kiran dattijo. Amma ya ce Bafulatani yana ci a gaban kowa ban da surukinsa. Ranar da na tauna abinci a gaban Malam Abarshi, to, ɗayan biyu ne, ko dai ni ba ɗan gidanmu ba ne, ko kuma Malam ba surukina ba ne. Ko wanne ne, shi ba zai buɗe baki ya nemi auren ba. A nan zai tashi ya kaɗe rigarsa."

Saude ta zauna daɓas a kan kunyar yakuwa.

"Wato in ka ci, Baffa ya tashi. In ka ƙi, Baba ya kore ka."

"Haka ne."

"To me ya sa za ka zo? Ka zo a yi ta kallonka ne, Labaran yana dariya?"

"Zan zo don ke kika dafa."

Nan fa kukan da take ta dannewa ya ƙwace.

"Kai dai ba ka so na, Hammadu. Da kana so na, da ka bar musu filakonsu ka zauna a gari. Gona ba ta kashe kowa ba."

"Saude, ki ji tsoron Allah. Mutumin da ya goya ni a bayansa ya ratsa kogi da ni, shi zan bari ya kora shanu shi kaɗai da furfurarsa? In na yi masa haka, ke ma wata rana sai kin ji tsorona."

"To ni in yi yaya? Shekara biyu ina zaune, duk wanda ya zo na ce a'a. An ce da ni mai ruwan ido, an ce aljani ya aure ni, na shanye. Yanzu a kan loma ɗaya..."

Ta kasa ƙarasawa. Shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya juya yana kallon shanunsa don kada ta gani.

"Ki dafa kawai," ya ce. "Abin da Allah ya rubuta a cikin akushin nan, shi za mu tarar."

Ya kaɗa shanunsa ya haye rafin, bai waiwayo ba.

A hanyarta ta komawa sai ta ji ƙararrawar keke a bayanta. Ba sai ta juya ba. A duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ke buga ƙararrawa ko da hanya babu ko akuya.

"Gimbiyar murhu!" in ji Labaran, ya sauko da ƙafa ɗaya. "An ce gobe akwai walima. Tun yau na fara azumi."

"Allah ya ba da lada."

"Ki ƙara gyaɗa, kin ji? Kuma kada ki damu da na Ɗan Fulani, rabonsa ba zai yi kwantai ba, ina nan. Ni ko dutse kika dafa, Saude, sai na ga bayansa."

"Ba ni hanya, rana na yi."

"Hanya taki ce. Asabar dai kamar gobe ce, daji zai koma na birai da Bature. Mu kuwa 'yan gari muna nan, ba inda za mu."

Ya buga ƙararrawarsa ya wuce yana fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan ƙadangaren har ya sa kai.

* * *

Ran Juma'a tun da sassafe ta surfa dawar, sabuwa fil, jar kaura mai ƙamshin gona. Ta wanke ta shanya, ta durƙusa a kan dutsen niƙa har tafin hannunta ya yi zafi. Ba ta yarda Inna ta taɓa komai ba.

Ta fere kabewa, irin mai jan ciki da ta nuna a kan rufin rumbu, ta yanyanka ta zuba a tukunya tare da zabi biyu da Malam ya yanka. Ta daka daddawa da barkono da albasa. Ta soya sabuwar gyaɗa sama-sama, ta murje, ta kirɓa har ta fara fitar da mai. Da kabewar ta narke ta sa maburgi ta burge ta, ta zuba gyaɗar, ta kawo yakuwa ta watsa, ta jefa 'yar kanwa don ta kashe tsamin. Kafin rana ta take tsaka ƙamshi ya tsallake katanga ya shiga gidaje uku.

Ba ta taɓa yin miyar da ta kai wannan ba, kuma ba ta taɓa tsanar wata miya kamar ta ba. Ita ce wuƙar da za a yanka ta da ita, ga shi ita ke wasa ta da hannunta.

Tana tuƙa tuwo tana lissafin abin da zai faru. In ya ci, ta rasa shi. In ya ƙi, ta rasa shi. Ta juya ta juya, kamar yadda take juya muciya, sai wani tunani ya faɗo mata wanda ya sa hannunta ya tsaya cak.

In fa ba wanda ya iya ci?

In Baba da kansa ya kasa kai loma ta biyu, da wane baki zai ce wani ya ci? Sai dai a tashi a watse, a ce a sake rana. Ko ba komai, ba za a kore shi yau ba, Baffa kuma ba zai kaɗe riga ba.

A bayan ɗakin Inna akwai wata 'yar tukunya da ake jiƙa sassaƙen maɗaci saboda masassara. Kwana huɗu ke nan yana jiƙe, ruwan har ya yi ja.

Saude ta san gidan da take. A shekarar fara, tana ƙarama, Malam ya binne yayyenta biyu da yunwa ta kashe. Tun daga ranar, ko ƙwayar dawa ya gani a ƙasa sai ya sunkuya ya tsince. A gidan nan an fi yafe wa wanda ya fasa tulu a kan wanda ya zubar da ƙanzo.

Ta ji sallamar maza a zaure. Ta ji muryar Labaran tana tashi sama da ta kowa, ta ji wata baƙuwar murya ta tsoho tana amsa gaisuwa a gajarce. Ba ta ji ta Hammadu ba, amma ta san yana nan.

Inna ta shiga ɗaki yin salla.

Saude ta tashi ta ɗauko 'yar tukunyar. Ta fara tunanin ta zuba a akushin zaure kaɗai, sai ta tuna Baba zai ce a ɗebo wata. Ta buɗe babbar tukunyar miyar, tururi ya bugi fuskarta.

"Allah ka yafe mini," ta ce.

Ta tuttule shi duka, ta sa ludayi ta gauraya.

* * *

Inna ce ta miƙa akushin zaure. Saude ta laɓe a bayan zanan da ke jikin ƙofar ciki, inda wata 'yar kafa take nuna mata komai.

Malam Abarshi na zaune a kan buzunsa. Labaran na damansa, har ya naɗe hannun riga. Hammadu na can bakin ƙofa a takure, kansa a ƙasa. Kusa da shi ga Baffa Bakoji, dogon tsoho siriri, ya ɗora haɓa a kan sandarsa, fuskar nan ba ka karanta komai a cikinta.

"Matso, Hammadu," in ji Malam. "Bakoji, kai baƙona ne, ba zan matsa maka ba. Da yaron nan nake magana."

Hammadu ya matso. Aka zagaya da ruwan wanke hannu, ya wanke.

"Bismillahi."

Malam ya yanko loma, ya dangwalo miya, ya kai baki.

Saude ta ga lokacin da muƙamuƙinsa ya tsaya. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Bai tofar ba, don shi ba ya tofar da hatsi. Ya runtse ido ya haɗiye da ƙyar, ya ajiye hannunsa a kan gwiwa.

Labaran bai lura ba, don idonsa na kan cinyar zabo. Ya auna wata ƙatuwar loma ya jefa. Ai kuwa sai ya zabura ya yi waje da gudu, ana jin kakarinsa a gindin katanga.

"Wayyo Allah! Malam, guba ce! Wallahi an sa mana wani abu!"

"Ba guba ba ce," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa. "Maɗaci ne." Ya ɗaga murya. "Saude!"

Ta fito daga bayan zana ta durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

"Wa ya dafa miyar nan?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ya taya ki?"

"Ba kowa."

"A ɗebo wata a tukunya."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Na ce a ɗebo wata."

"Duk haka take, Baba."

Labaran ya dawo yana goge baki da hular da ya cire, idonsa na hawaye, amma bakin bai mutu ba.

"Ikon Allah! Yau ga 'yar Malam Abarshi da ake yi mana kirari da ita. Ashe baƙi ake kira a ba su maganin masassara? Wallahi in labarin nan ya shiga kasuwar Birnin Gwari, har mawaƙa sai sun samu na goro."

Fuskar Malam ta yi baƙi. Tsohon da bai taɓa jin kunya a zaurensa ba, yau ga shi a gaban Bafulatanin da ya kira don ya koya masa daraja abinci.

"Ɗauki," ya ce da ita, yana nuna akushin. "Ɗauki ki fita da shi ta ƙofar gida, kowa ya gan ki, ki kai juji ki zubar. Ki dawo ki ɗauki tukunyar ita ma. Tunda abin da kika mayar da abincin gidana ke nan."

Saude ta rarrafo, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta miƙa hannu za ta ɗauka.

Wani hannu ya riga ta.

Hammadu ya jawo akushin gabansa. Bai dubi kowa ba. Ya ce bismillahi a hankali, ya yanko loma, ya dulmiya ta cikin miyar har ta rufe, ya kai baki.

"Hammadu!" in ji Baffa Bakoji.

Ya tauna. Ya haɗiye. Ya sake yanko wata.

Saude ta toshe bakinta da gefen mayafi. So take ta ce ya bari, ta ce ai don kada ya ci ta yi, amma harshenta ya ƙi motsi.

Loma ta uku. Ta biyar. Gumi ya keto masa a goshi yana gangarowa ta haɓa. Sau ɗaya cikinsa ya yunƙuro, ya dafe ƙasa da hannun hagu, ya jira ya lafa, ya ci gaba. Fuskarsa kuwa ko yamutsawa bai yi ba, kai ka ce fura da nono yake sha. Malmala ɗaya ta ƙare, ya shiga ta biyu.

Labaran ya buɗe baki zai yi magana, ya duba bai ga mai saurarensa ba, ya mayar ya rufe.

Sai da ya kusa cinye ta biyun Malam Abarshi ya miƙa hannu ya kama wuyan hannunsa.

"Ya isa."

Hammadu ya tsaya, kansa a sunkuye.

"Na ce ka ci loma ɗaya ka ƙi, ranar da tuwon ke da daɗi. Yau wa ya sa ka?"

"Ba a zubar da tuwon gidanka, Baba," ya ce, muryarsa a dishe. "Kuma ba za ta ratsa gari da shi a kai ba ina zaune."

Duk ido ya koma kan Baffa Bakoji. Saude ta ga ya ajiye sandarsa, ta ce shi ke nan, yanzu zai miƙe ya kaɗe riga.

Bai miƙe ba. Ya matso, ya sa ɗan yatsa ya dangwali miyar da ta rage, ya ɗora a harshe. Tsohon da aka ce ko kunama ta harbe shi ba ya motsi, sai da ya runtse ido ɗaya. Ya daɗe yana kallon ɗan ɗan'uwansa.

"Malam Abarshi," ya ce cikin Hausarsa mai karkata, "ni na ce in yaron nan ya ci abinci a gabanka, babu ni babu maganar aure. Ban janye ba. Amma ni ban ga wanda ya ci abinci a nan ba. Mu a wurinmu, wanda ya tsaya aka zuba masa bulala saboda mace bai motsa ba, ba mu ce ya ci. Wannan sharo ne." Ya gyara zama. "Na zo neman wa ɗana auren 'yarka."

Labaran ya kifa hularsa a ka, ya fita ba sallama. Ko ƙararrawa ba a ji ya buga ba.

Malam Abarshi ya saki hannun Hammadu.

"Na ba shi. Ku zo gobe da sassafe da goronku, a ɗaura kafin ku ɗaura kaya."

Wani sanyi ya ratsa Saude tun daga ka har tafin ƙafa. Daɗi ya kama ta har ta ji kamar za ta shiɗe. Ta sunkuya za ta yi godiya.

"Tsaya," in ji Malam. "Ban zo kanki ba tukuna."

Ta ɗago.

Ba fushi a fuskarsa yanzu, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi.

"Na san abin da kika yi, na kuma san don wa kika yi. Shi ya wanke kansa, ya wanke ki a idon gari. Amma ni a gabana kika ɗauki abincin da Allah ya ba mu bana, kina sane, kika zuba masa ɗaci don ki ɗaure mini hannu. Ki bi mijinki, Allah ya ba ku zaman lafiya, ban riƙe ki da komai ba a kan aure. In kin zo ganin gida ƙofa a buɗe take. Amma ni da abin da hannunki ya dafa, Saude, mun yi sallama ke nan."

"Baba!" Ta faɗi a gabansa tana kuka. "Baba ka dake ni, ka zage ni, amma kada ka ce haka. Wa zai yi maka miyar kuka yadda kake so? Baba don Allah..."

Bai dube ta ba. Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya.

"Mairama! Kawo wa yaron nan ruwa ya kurkure baki. In kin gama ki ɗora mini wani abu da kanki, tun safe ban ci komai ba."

Saude na nan durƙushe a bakin zaure, an ba ta wanda take so, har ta jiyo Inna ta sauke tukunyar miyar daga kan murhu ta fara hura wuta.